Waƙar Milan da Adalcin Sarakuna: Tarihin Ambruwaz da Agustin

Gabatarwa

Duk al'ummar da ta naɗa shugaba ba ta rasa tambayar kanta: ran da ya yi zalunci, wa zai tsawata masa? Mabiya addinin Kirista sun fuskanci wannan tambaya ido da ido a ƙarni na 4. Kafin lokacin sarakunan Rum gallaza musu suke yi, kuma wanda ake zalunta bai da wahalar gane azzalumi. A shekarar 313 sarki Kustantin ya halatta addinin, a 380 kuma sarki Teyodos ya mai da shi addinin daula. Daga nan al'amarin ya rikice, domin mai takobi ya shigo majami'a ya zauna tare da talakawansa. Idan ya zubar da jini, ɗan'uwa ne ya zubar.

Wannan maƙala za ta bi sawun mutum biyu da suka fi kowa tasiri wajen amsa tambayar a ƙasashen yamma: Ambruwaz, bishop na birnin Milan a ƙasar Italiya, da Agustin, bishop na Hippo, garin da a yau ake kira Annaba a maƙwabciyarmu Aljeriya. Littattafan tarihi sukan ware tunaninsu game da mulki gefe ɗaya, su ware labarin waƙa gefe ɗaya. Amma dukansu biyu sun gamu da wata sabuwar waƙa bayan sun manyanta, kuma wanda ya duba da kyau zai ga cewa a bakin wannan waƙa suka koyi rabin abin da suka faɗa wa sarakuna. Zai kuma ga inda waƙar ta toshe musu kunne.

Gwamnan da aka naɗa limami

An haifi Ambruwaz wajen shekarar 340 a birnin Tirer, cikin Jamus ta yau, inda mahaifinsa ke riƙe da babban muƙamin daula. Ya yi karatun shari'a da balaga a Roma, ya hau matakan aikin hukuma har ya zama gwamnan lardin da Milan ke hedikwatarsa. A wancan zamani Milan ce mazaunin sarkin yamma, ta fi Roma kusanci da madafun iko.

A shekarar 374 bishop na birnin ya mutu, jama'a suka rabu biyu wajen zaɓen magaji. Ɓangare ɗaya na bin aƙidar taron Nikiya na 325, ɗayan kuma ana jingina shi ga koyarwar Ariyus, saɓaninsu kuwa a kan matsayin Almasihu ne. Gwamna ya shiga majami'a don ya kwantar da tarzoma, sai ɓangarorin biyu suka haɗa baki suka ce shi suke so. Ko baftisma ba a yi masa ba tukuna. Ya yi ta zillewa, amma cikin mako guda aka yi masa baftisma, aka naɗa shi ranar 7 ga Disamba, 374. Ya rabar da dukiyarsa, ya koma ɗalibi, yana karanta malaman gabas da harshen Girkanci, yana koyar da abin da ya karanta.

Tsohon gwamna ya san yadda masu hali ke cin talaka, domin ƙararrakin sun sha zuwa gabansa. Ya rubuta littafi a kan Nabot, manomin nan na cikin Littafi Mai Tsarki wanda sarki Ahab ya yi kwaɗayin gonar inabinsa, sarauniya Yezebel ta sa aka kashe shi da shaidar zur, har annabi Iliya ya tare sarkin a cikin gonar. Ambruwaz ya nuna cewa irin su Ahab ba su ƙare ba, suna nan cikin attajiran Milan masu haɗiye gonakin maƙwabta. A ganinsa ƙasa an halicce ta domin kowa, don haka abin da mawadaci ya miƙa wa matalauci biyan bashi ne. Bayan yaƙin Adiriyanopol na 378, inda ƙabilar Got ta karya rundunar Rum aka kama bayi masu yawa, ya sa aka narkar da kwanonin zinariya na majami'a aka fanshi kamammu. Abokan hamayya sun zarge shi da wulaƙanta kayan ibada, ya amsa musu cewa rayukan mutane sun fi kwanoni daraja.

Makon da aka kewaye majami'a

A shekarar 385 da 386 sarkin yamma yaro ne, Balantiniyan na Biyu, mahaifiyarsa Justina ce ke juya mulki. Ita da mutanen fadarta da sojojinta na Got suna ɓangaren da ake jingina wa Ariyus, suka nemi a ba su majami'a guda a Milan don ibadarsu. Ambruwaz ya ƙi. Ya ce haraji na sarki ne kuma za a biya, in dukiyarsa ko ransa ake so ga su, amma ɗakin Allah ba mallakarsa ba ne balle ya bayar.

Da makon idin Ista na 386 ya zo, fada ta aika sojoji suka kewaye majami'a, aka rataya labulen sarauta don nuna cewa ginin ya koma hannun hukuma, aka ɗora wa ƴan kasuwar birnin tarar zinariya mai nauyi. Jama'a suka cika ɗakin, suka kwana ciki tare da limaminsu. Kwana cikin tsoro yana kashe zuciya, kuma a nan ne Ambruwaz, yana da shekara kusan 46, ya ɗauko wata al'ada da aka sani a majami'un gabas: jama'a su rera Zabura da waƙoƙin yabo da bakinsu, ana bayarwa ana amsawa. Agustin da Polinus, marubucin tarihin Ambruwaz, duk sun shaida cewa a wannan rikici al'adar ta kafu a Milan, daga nan ta bazu a yamma.

Ambruwaz ya kuma tsara waƙoƙi nasa na kansa, kuma tsarinsu shi ne sirrin ƙarfinsu. Kowace waƙa baiti 8 ce, kowane baiti ɗango 4, kowane ɗango gaɓa 8. Kalmomin gajeru ne, masu sauƙin hadda ga wanda bai taɓa shiga makaranta ba. Akwai ta carar zakara, akwai ta hantsi, akwai ta almuru lokacin kunna fitila, akwai ta haihuwar Almasihu. Waɗannan huɗu Agustin ya ambace su a rubuce-rubucensa, shi ya sa masana ba su jayayya a kan mai su. Maƙiyansa sun ce ya yi wa jama'a sihiri da waƙa. Bai musa ba, ya ce sihirin shi ne shaidar imani a bakin jama'a baki ɗaya. A cikin wannan huɗuba ce ya bayyana matsayin da aka fi saninsa da shi, cewa sarki ɗan ikilisiya ne, a cikinta yake zaune, bai hau kanta ba.

Wasu sojojin da aka turo sun shiga ciki suka bi sahun masu addu'a. Ranar Alhamis ta makon fada ta janye, aka mayar wa ƴan kasuwa kuɗinsu. Ba a zare takobi ba.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da irin wannan waƙa ke koyarwa ko da ba a fassara kalmominta ba. Mace da namiji, bawa da ɗa, gwamna da ɗan dako, duk baiti ɗaya suke rerawa a kari ɗaya, kuma wanda ake yabo ba ya cikin ɗakin. In sarki ya shigo, murya ɗaya ya ƙara a cikin dubu. Daular da ta saba jin sunan sarki a bakin mawaƙa ta wayi gari da waƙar da babu sunansa a ciki.

Maroƙin fada ya ji wata murya

Cikin matan da suka kwana a majami'ar akwai wata dattijuwa ƴar Afirka mai suna Monika. Ɗanta Agustin yana birnin, amma a lokacin ma'aikacin fada ne. An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, 354, a Tagasta, wato Suk Aharas ta Aljeriyar yau. Ya yi karatu a Madora da Kartaj, ya shafe shekara tara cikin ɗariƙar Mani, ya koyar da balaga a Kartaj da Roma, sannan a 384 aka ba shi kujerar malamin balaga na Milan. Daga cikin aikin mai wannan kujera har da tsara jawabin yabon sarki da manyan fada a ranakun buki. Mu a nan mun san sunan wannan sana'a. Ko da yake da Latinanci mai zurfi yake yinta, roƙo ne.

Shi da kansa ya ba da labari a littafinsa na Iƙirari cewa ran da yake shirin yabon sarki ya san ƙarya zai zuba, masu tafa masa ma sun san ƙarya ce. A kan hanya ya ga wani almajirin titi ya sha ya bugu yana ta raha, sai ya ce wa abokansa wannan mutum ya fi su kwanciyar rai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ya fara gundurar Agustin.

Ya fara zuwa sauraron Ambruwaz don ya auna gwanintarsa ta magana, a hankali ma'anar ta shige shi tare da salon. A damunar 386 ya ajiye aiki, a daren Ista na Afrilun 387 Ambruwaz ya yi masa baftisma tare da ɗansa Adeyodatus da amininsa Alipiyus. Yana da shekara 32. Mutumin da ya ƙoshi da waƙoƙin Birjil da kiɗan gidajen wasan kwaikwayo na Kartaj ya ce waƙoƙin majami'ar Milan sun sa shi zubar da hawaye, kuma hawayen sun yi masa daɗi. Da mahaifiyarsa ta rasu a Ostiya a wannan shekara, suna kan hanyar komawa gida, ya kasa kuka a wurin jana'iza. Sai da ya farka daga barci shi kaɗai, waƙar almuru ta Ambruwaz ta faɗo masa, sannan kukan ya zo.

Bai tsaya ga jin daɗi ba. A Milan ya fara rubuta littafi a kan ilimin kiɗa, ya ƙarasa shi a Afirka, kashi 6 duk a kan kari da awon gaɓoɓi. A kashi na ƙarshe ya ɗauki ɗangon farko na waƙar almurun nan ya yi misali da shi, ya tashi daga lissafin gaɓa zuwa tsarin rai da kyawawan halaye. Ya yi niyyar ƙara wasu kashi 6 a kan rauji, ayyukan limanci suka hana shi. Duk da haka bai taɓa sakin jiki da waƙa gaba ɗaya ba. A cikin Iƙirari ya ce wani lokaci yakan ga kamar hanyar Atanasiyus na Iskandariya ta fi aminci, shi da yake sa a karanta Zabura da ɗan rausaya kaɗan, kusa da magana. Amma in ya tuna hawayensa na Milan sai ya goyi bayan waƙa, da sharaɗin cewa duk ran da zaƙin murya ya fi ma'ana motsa shi, ya yi laifi. Tsohon maroƙi ya san abin da daɗin murya ke iya rufewa.

Jinin Tasalonika

A shekarar 388 Teyodos, sarkin gabas, ya zo Italiya ya murƙushe wani mai ƙwacen mulki, ya zauna a Milan. Sarki ne mai bin aƙidar Ambruwaz, ba kamar Justina ba. A 390 tarzoma ta tashi a Tasalonika ta ƙasar Girka saboda an kulle wani gwanin tseren keken dawaki da jama'a ke so, masu tarzoma suka kashe Buterik, kwamandan sojan birnin. Ramuwar da ta biyo baya ba ta bambanta mai laifi da marar laifi ba: sojoji suka auka wa jama'a suka yi ta kisa. Marubucin tarihi Teyodoret, wanda ya rubuta a ƙarni na 5, ya ce mutum dubu 7 suka mutu.

Masu zane na Turai, irin su Rubens, sun zana Ambruwaz tsaye a ƙofar majami'a yana tare sarki da hannu. Wannan hoto daga ruwayoyin baya ya fito. Abin da ya tabbata shi ne wasiƙa. Ambruwaz ya bar birnin don kada su haɗu, ya rubuta wa sarki da hannunsa domin shi kaɗai ya karanta. Ya yaba tsoron Allahnsa, ya tuna masa saurin fushinsa, sannan ya kawo labarin Dauda, sarki kuma mawaƙin Zabura, wanda Natan ya tunkara bayan kisan Uriya, bai kare kansa ba ya amsa laifi. Ya shaida masa cewa ba zai iya miƙa hadayar ibada ba muddin sarki na wurin bai tuba ba. Teyodos ya karɓa. Ya ajiye kayan sarauta, ya yi tuba a gaban jama'a, aka maido shi ga jibin Ubangiji a Kirsimetin 390. Teyodoret ya danganta wannan tuba da dokar da ta sa a jira kwana 30 tsakanin yanke hukuncin kisa da zartar da shi, don fushi ya huce. Da sarkin ya mutu a Milan a Janairun 395, Ambruwaz ne ya yi jawabin jana'izarsa, kuma tubar nan ya sa a gaba cikin abubuwan yabo. Shi ma ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 397.

Abu biyu suka fito daga wannan al'amari waɗanda Kiristocin yamma suka riƙe ƙarni bayan ƙarni. Na farko, dokar da ta hana talaka kisa ta hana sarki. Na biyu, manufar tsawatarwa ita ce mai laifi ya gyaru ya koma sahu, shi ya sa aka fara da wasiƙar sirri kafin bainar jama'a.

Daga waƙar Hippo zuwa Birnin Allah

Agustin ya koma Afirka a 388, aka naɗa shi limami a Hippo a 391, bayan ƴan shekaru ya zama bishop. Ya tarar da Kiristocin ƙasar a rabe tun wajen 311, tsakanin Katolika da mabiya Donatus, waɗanda suka ƙi yarda da limaman da ake zargin sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma a zamanin tsanani. Mabiya Donatus sun fi yawa a yankin, kuma suna da waƙoƙinsu masu zafi. Wajen 393, yana gab da shekara 40, babban malamin balaga ya zauna ya tsara waƙar talakawa don ya mai da musu martani. Baitocinta na bin jerin baƙaƙen Latinanci ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗango na ƙarewa da amsa-amo guda, akwai kuma amshi da jama'a ke maimaitawa, wanda ke neman su zama alƙalai a rigimar. Ya bayyana daga baya cewa da gangan ya guje wa karin mawaƙan gargajiyar Rum, don kada awo ya tilasta masa kalmomin da masunta da manoma ba su sani ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

A Agustan 410 Alarik, sarkin Got, ya ci birnin Roma. Masu bin addinin gargajiya suka ce barin allolin kakanni ne ya jawo masifar. Amsar Agustin ita ce littafin Birnin Allah, wanda masu Faransanci suka sani da La Cité de Dieu, kashi 22, daga 413 zuwa wajen 426. A kashi na 4 ya kawo labarin ɗan fashin teku da aka gurfanar gaban Iskandari Babba, ya ce wa sarkin bambancinsu yawan jirage ne kawai: mai ƙaramin jirgi ɓarawo, mai rundunar jirage sarki. Agustin ya ba ɗan fashin gaskiya. Ƙungiyar ƴan fashi ma tana da shugaba da yarjejeniya da ƙa'idar rabon ganima, don haka in aka cire adalci babu abin da ya raba ta da daula sai girma.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne yadda kiɗa ya shiga hujjarsa. A kashi na 2 ya ɗauko misali daga Siseron, masanin Rum: kamar yadda sarewa da molo da muryoyi mabambanta ke haɗuwa su ba da sauti guda, haka manya da matsakaita da ƙanana ke haɗuwa su zama ƙasa, kuma wannan jituwa ba ta yiwuwa sai da adalci. A kashi na 17, da ya zo kan Dauda, ya sake cewa jituwar sautuka dabam-dabam hoto ce ta birni mai kyakkyawan tsari. A kashi na 5 ya zana sarkin da ya cancanci a kira mai sa'a: wanda bai kumbura da kirarin maroƙa ba, yana tuna shi mutum ne, mai jinkirin horo da saurin yafewa, wanda ke hukunci don tsaron ƙasa ba don huce haushi ba. Misalin da ya kawo shi ne Teyodos a ranar tubarsa.

Ya kuma aikata abin da ya rubuta. Wasiƙunsa cike suke da roƙon gwamnoni su sassauta wa fursunoni, su guji azabtarwa da kisa. A wata wasiƙa da masanin Ostiriya Yohanes Dibjak ya gano, aka buga a 1981, Agustin ya koka da fataken bayi masu satar mutane a ƙauyukan Numidiya, ya ba da labarin yadda jama'ar majami'arsa suka kuɓutar da kimanin mutum 120 daga hannunsu a tashar jiragen Hippo. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, ƙabilar Bandal na kewaye da garin, an manna masa Zaburar tuba a bango yana karantawa daga kan gado.

Inda amshi bai kai ba

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tarihin da ya tsaya a nan ya zama kirari, kuma mutanen biyu sun koya mana mu yi hattara da kirari.

Shekara biyu kafin Tasalonika, a 388, wasu Kiristoci a garin Kalinikum, wato Raƙƙa ta Siriya a yau, suka ƙone ɗakin ibadar Yahudawa da zugar bishop ɗinsu. Teyodos ya yanke hukuncin da duk alƙali mai adalci zai yanke: a hori masu laifi, bishop ya sake gina ɗakin. Ambruwaz ya tashi tsaye ya hana. Ya rubuta wa sarki, ya yi masa huɗuba a fuska, ya ƙi ci gaba da ibada sai da sarki ya yi alkawarin janye maganar baki ɗaya. Makamin da ya yi amfani da shi domin jinin Tasalonika, shi ne dai ya yi amfani da shi ya hana Yahudawan Kalinikum haƙƙinsu. A wannan karo sarki ne ke kan gaskiya. Ko rikicin 386 ma, in aka dube shi daga wancan gefe, ƴan tsiraru ne suka nemi wurin ibada guda a birni aka hana su.

Agustin kuwa da farko ya ce ba a jawo mutum ga imani da ƙarfi, sai da hujja, kuma waƙarsa ta Hippo gayyata ce zuwa muhawara. Bayan dokar sarki ta 405 da ta haramta ɗariƙar Donatus, ya canza ra'ayi. Ya ce ya ga garuruwa, har da nasa Tagasta, da tsoron doka ya maido su, ya kafa hujja da misalin Linjila na maigidan da ya sa a tilasta wa mutane shiga biki. Bayan taron Kartaj na 411, inda bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka hallara, aka bi mabiya Donatus da tara da ƙwace majami'u da kora. Gaskiya ne ya yi ta roƙon kada a kashe kowa, ko waɗanda suka kashe limamansa. Amma hujjar da ya gina ta rayu bayansa, masu ƙona ƴan bidi'a a Turai suka jingina da ita ɗaruruwan shekaru. Ya kuma ɗanɗana halin takobin da ya gayyato: Marselinus, jami'in da ya shugabanci taron 411, abokinsa wanda ya sadaukar wa Birnin Allah, hukuma ta sare kansa a 413 bisa zargin siyasa, roƙon Agustin bai cece shi ba.

A nan iyakar misalin waƙa ta bayyana. Amshi yana daidaita waɗanda ke cikin ɗaki, ya sauko da sarki zuwa sahun talaka. Wanda ke waje, mai rera wata waƙa dabam, sai a ji shi kamar mai ɓata sauti, kuma daga nan zuwa rufe masa baki taki ɗaya ne. Misalin Siseron da Agustin ya ɗauko ya fi aikinsa faɗi, domin jituwa tana bukatar muryoyi mabambanta.

Kammalawa

Mai karatu a Maradi ko Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan zance. Malamin da ke rubuta wa sarki nasiha mun san shi ta hanyar Al-Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya bi ta Ayar ya isa Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta wa Muhammadu Rumfa wajiban mai mulki. Mun san bambancin makaɗin fada da mai waƙar wa'azi, mun san ƙarfin ƴan amshi. Waƙoƙin baiti-baiti da ake ji ranar Lahadi a majami'un Maradi da Galmi da Yamai kuwa jikoki ne na nesa ga tsarin da ya kafu a Milan. Aljeriya ma, ƙasar Musulmi, ta shirya babban taron masana a kan Agustin a biranen Aljer da Annaba a 2001, ta karɓe shi a matsayin ɗan ƙasa.

Kalinikum ma ba ta yi mana nisa ba. A Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Zinder da Yamai, an rasa rayuka. A can Kiristoci ne masu rinjaye suka ƙone na Yahudawa, a nan su ne ƴan tsiraru aka ƙone nasu. Tambayar da ta zo gaban Teyodos ita ce ke zuwa gaban kowace hukuma a irin wannan rana, kuma malamin kowane addini yana iya tsayawa inda Ambruwaz ya tsaya a 390, ko inda ya tsaya a 388.

Don haka malamin da zai kai wannan tarihi aji, ko ƙungiyar da za ta tattauna shi, ya kamata su ba da shekarun biyu tare. Yaro ya ji yadda limami marar soja ya sa sarkin duniya ya durƙusa saboda talakawan da aka kashe, ya kuma ji yadda wannan limami ya danne haƙƙin mutanen da ba sa bin addininsa. Jarumtar faɗa wa shugaba gaskiya abu ne mai tsada, amma awon adalcin mai faɗar shi ne abin da ya nema wa wanda ba ya amsa waƙarsa. Allah ya ba mu shugabanni masu jin nasiha, ya ba masu nasiha mudu ɗaya na awo.